In Kawu ya ce a cire tamostat amma ranka bai kwanta ba

Ranar da ka shigo da mota gida, ranar shawara take fara zuwa. Baffa zai zagaya ta ya duba tayoyi, Yaya zai ce buɗe bonet in gani, Kawu zai ce gobe ka kai ta wurin yaron nan da yake min gyara ya ɗan tattaɓa ta kafin ka fara hawa. Kuma wallahi duk ƙauna ce, babu mai son ka yi asara a cikinsu. Sai dai ƙauna daban, sanin ciwon motarka daban, kuma in abu ya lalace kai ne za ka tsaya a gefen titi da iyali cikin rana, kai ne za ka nemo kuɗin gyara. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda mutum zai yi in babba a gida ya ba shi shawarar gyara amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, don ni na taɓa danne tawa kuma har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Corolla ce 2005 'yar Kwatano, ita ce motata ta farko. Cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, na fara lura in na shiga gosulo wajen Kurna allurar zafi tana ɗan wuce rabi, in hanya ta buɗe sai ta dawo. Na faɗa wa Kawu, ƙanin mahaifiyata, mutumin da ya yi shekara sama da 20 yana jan 504 tsakanin Kano da Jos, a hannunsa ma na koyi tuƙi. Ko bonet bai buɗe ba ya ce tamostat ne, wato ɗan bawul ɗin da ke hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto, wai wannan abin don ƙasar Turawa aka yi shi inda ƙanƙara take zuba, a cire a yar, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa da an kunna mota, shikenan an wuce wurin. Ni kuma akwai abin da na gani ban faɗa ba. Ƙaramar robar nan ta ajiyar ruwa da ke gefen lagireto, duk bayan kwana uku huɗu sai in ga ruwan ya sauka in ƙara. In na dawo gida na kashe mota nakan ji wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi ta gabanta, sannan akwai wani busasshen abu fari-fari kamar kanwa da ya taru a gefen inji ta inda bel yake zagayawa. Raina ya ba ni ruwa ne yake gudu ta wani wuri, kuma cire tamostat ba zai toshe inda yake gudun ba. Amma fa Kawu ne, ya zan ce masa a'a ni da ban fi wata takwas da fara riƙe sitiyari ba? Na yi shiru, aka cire.

Allura ta kwanta, ko kwata ba ta kaiwa, har na daina duba ruwan kullum don na ɗauka an warke. Sati uku bayan nan muna hanyar Zariya da maiɗakina da jaririnmu, mun wuce Kwanar Dangora kaɗan, sai allurar ta tashi gaba ɗaya, kafin in samu wurin fakin tururi ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet. Famfon ruwa ne, wanda kanikawa ke ce wa wata-famfo, dama shi ne yake yoyo tun farko, ranar ya ƙarasa saki, ruwa ya tsiyaye, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Abin da da an canza famfo ɗaya an gama, sai da aka sauke kan inji, albashin wata biyu ya tafi. Kawu da kansa ya zo ya same mu a hanyar, kuma na ga damuwar a fuskarsa, ya fi ni jin zafin abin. Ni ban taɓa ɗora masa laifi ba, shi ya faɗi abin da ya sani, ni ne na ɓoye abin da na gani.

Toh daga nan zan fara. In ka ji ranka bai kwanta da shawara ba, kar ka yi saurin cewa shaiɗan ne ko girman kai, ka tsaya ka tambayi kanka me na gani, me na ji, me na shaƙa da ya sa nake jin haka. Yawanci abin da muke ce wa "raina ya ba ni" ba daga sama yake faɗowa ba, kai ne kake zama a kujerar nan kullum safe da yamma, ƙafarka ta san nauyin birkin, kunnenka ya san ƙarar injin da safe, hancinka ya san warin cikinta, duk abin da ya canza jikinka yana riga bakinka ganewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in ka tambayi kanka ka ga babu komai sai tsoron kashe kuɗi, ko don ba ka son a ce wani ya fi ka sani, to wannan ba shi ba ne, kar ka yaudari kanka. Gwajin mai sauƙi ne, in za ka iya cewa "in na taka birki a kan gudu 80 sitiyari yana rawa" ko "in inji ya yi sanyi da safe yana ƙara kamar ana kaɗa cokali a kofi, bayan minti ɗaya ta ɗauke", to kana da abin riƙewa a hannu.

Sai ka mayar da jin nan ya zama shaida, kuma ba sai ka san kanikanci ba. Ka samu kwali mai faɗi ka shimfiɗa a ƙarƙashin gaban motar da daddare, da safe ka jawo ka duba. Ruwa fari tas mara wari ta ɓangaren mai zaman gefe, in ka yi amfani da esi, wannan ba komai ba ne, na esi ne. Kore ko ja-ja ko ruwan hoda mai ɗan santsi da warin zaƙi, ruwan lagireto ne. Baƙi ko ruwan ƙasa mai kauri baƙin mai ne. Ja mai kamar man ja da aka tace, man giya ne ko na sitiyari. Wanda ya fi ban tsoro shi ne ɗan mai fari-fari mai ratsin rawaya a kusa da taya, wannan man birki ne, in ka gan shi motar ba ta fita sai an duba. Ka ɗauki hoto da waya. Ƙara kuma ka naɗe ta a waya lokacin da take yi, don motoci suna da wani hali, da an isa gareji sai su yi shiru. Ka rubuta yaushe abin yake faruwa, da sanyin inji ne ko bayan ya ɗau zafi, a tsaye ko a guje, in ka kunna esi ko ka kashe, a kwana ko a miƙaƙƙiyar hanya. Kwana uku kana wannan za ka ga ka fi duk mai ba ka shawara sanin abin da motar take ciki.

Hattara ɗaya a nan, in maganar zafi ce kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan ciki a matse yake, in ka duba murfin za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, matsin da yake riƙewa ke nan, kuma wannan matsin shi ke hana ruwan tafasa ko ya wuce digiri 100, da ka buɗe zai yi tsalle ya wanke maka fuska da hannu. Ka bari ya huce sosai, har ka iya dafa babban tiyo na sama da hannu ba ka janye ba.

Yanzu ita shawarar kanta, akwai tambaya ɗaya da nake yi wa kowace shawara tun daga wancan lokacin: wannan gyaran zai kashe ciwon ne ko zai rufe bakin mai kuka ne? Duk shawarar da ta fara da "a cire", "a toshe", "a haɗa dairek", "a yanke wayar", ka ɗaga mata ƙafa tukuna. Kamfani ba ya sa ƙarfe a mota don ado, kowane ɗan abu kuɗi ne a wurinsu, da ba shi da aiki su za su fara cire shi.

Bari in daɗe a kan tamostat tunda shi ne ya ci ni kuma shi ne aka fi cirewa a ƙasar nan. Ɗan bawul ne ƙarami a hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. In inji yana da sanyi a rufe yake, don inji ya yi saurin kaiwa zafin da aka tsara ya yi aiki a kai, da ruwa ya kai wajen digiri 82 a irin injin Corolla ɗin nan sai ya fara buɗewa ruwa ya riƙa zagayawa ta lagireto. Ka ga kenan a zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, minti kaɗan bayan ka tashi mota tamostat mai lafiya a buɗe yake, babu abin da yake tarewa, ba shi ne yake kawo zafi ba sai in ya maƙale a rufe, in kuwa ya maƙale to sabo za a sa, ba a bar gurbin haka ba. In an cire, inji zai riƙa aiki cikin sanyin da ya wuce ƙa'ida, musamman da safe da lokacin hunturu da kan doguwar hanya, kwamfutar motar, wato birenbos, tana ganin inji bai ɗumama ba sai ta yi ta ƙara masa fetur, shan mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya riƙa wanke baƙin mai daga jikin silinda. Da can da lita ba ta kai naira 200 ba mutum ba zai ji a jikinsa sosai ba, amma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, har lita ta zo ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, wannan ƙarin shan man kuɗin cefane ne. Kuma duk wanda Allah ya kai shi Makka ko Madina ya ga Camry da Corolla suna tasi cikin zafin da ya fi namu, da tamostat ɗinsu suke yawo. Mafi muni dai shi ne abin da ya same ni, cirewar tana kwantar da allura, ainihin ciwon yana nan yana ci a ɓoye, ko yoyo ne, ko lagireto ya toshe, ko murfin ya daina riƙe matsi, ko fanka ce ba ta tashi a kan lokaci.

Shi ma ruwan, za a ce maka ruwan famfo ko fiyawata ya isa. In kana daji ruwa ya ƙare ai dole ka zuba abin da ka samu ka isa gari, amma a mayar da shi abin kullum shi ne yake kawo tsatsa da dattin da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ya ci famfon ruwa. Kulant, wato ruwan lagireto mai kala da ake sayarwa, ba don ƙanƙara kawai aka yi shi ba, yana hana tsatsa kuma yana ɗaga matakin tafasa. Masu cewa a fasa ɗanyen ƙwai ko a zuba garin omo a lagireto kuwa, don Allah a bari.

Sai baƙin mai. Kusan duk babban da ya yi zamani da 504 ko 505 zai ce maka ka zuba mai kauri, 20W-50, wai mai ruwa-ruwa ba ya jure zafinmu. A motocinsu gaskiya suka faɗa. Amma kai ka duba murfin da ake zuba man a saman injinka, da yawa an rubuta a jiki, Corolla 2003 zuwa 2008 da aka shigo da su daga Amurka 5W-30 ne, Honda Accord ɗin da muke ce wa EOD kuma 5W-20. Injinan nan suna da siraran hanyoyin mai, kuma na Toyota mai VVT-i da matsin man yake sarrafa lokacin buɗe bawul, mai kauri yana daɗewa kafin ya hau sama da safe, a wannan 'yan daƙiƙun ne ƙarfe yake cin ƙarfe. Haka man giya, ba kowane jan mai ba ne, a jikin sandar awon man giya na Corolla ɗin nan an rubuta T-IV, sababbin Toyota WS suke sha, Honda kuma nata daban ne, Z1 da, yanzu DW-1. Giyar otomatik ba ta yafe kuskuren mai, kuma kuɗinta kowa ya sani.

Wutar cek kuma, wannan 'yar rawayar mai hoton inji, na sha jin ana cewa ai duk motar Najeriya da ita take yawo, a cire ƙwan ko a manna baƙin salatif. Kar ka yarda. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata 'yar kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, ana soka sikana ta karanto abin da kwamfutar take ƙorafi a kai, kuma yanzu ko'ina a manyan garuruwanmu akwai masu yi, wasu ma suna sayen ƙaramar da ake haɗawa da waya. Ka sa a nuna maka lambar da idonka ka rubuta ta, kar ka tsaya a "sensa ce". P0128 misali tana nufin inji ba ya kaiwa zafin da ya kamata, ita ce take yawan fitowa bayan an cire tamostat, P0300 inji yana tsallake wuta, P0420 maganar indomi ce. Amma ka sani lambar tana nuna unguwar da ciwon yake ne ba ƙofar gidan ba, sai an bi an gwada. In wutar a tsaye take kana iya lallaɓawa zuwa gareji, in tana ƙiftawa ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa. Jar wuta mai hoton buta kuwa, ta matsin baƙin mai, wannan a take ake kashe inji, ko a tsakiyar kasuwa ne.

Tunda na ambaci indomi, shi ne abin nan mai kamar saƙar zuma da ke cikin salansa yana tace hayaƙi. Za a ce maka shi ke danne mota, a fasa a cire ta samu numfashi. Yana iya toshewa da gaske, amma sai an gwada an tabbatar, kuma ka sani a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake sayensa da kuɗi mai kauri. Ɗan uwanka da zuciya ɗaya zai faɗa maka don haka ya ji ana faɗa, amma maganar ta samo asali ne daga inda ake da riba a cirewar. In har dole sai an cire, a gabanka, kuma a ba ka kayanka.

Akwai wuraren da ni ko sulhu ba na yi, birki da sitiyari da taya. In birki yana nutsewa a hankali in ka taka ka riƙe, ko mota tana ja gefe in ka taka, aka ce maka a daddatse layin man birkin taya ɗaya a lallaɓa zuwa ƙarshen wata, ko a kashe ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, a huta, amsar a'a ce ko wa ya faɗa, don a nan ba aljihunka kaɗai ba ne, akwai ran 'ya'yan mutane a kan titi. Iskar taya ma, mai faci zai ce 45 ko 50, wani a gida ya ce haka ne taya ta fi daɗewa, alhali in ka buɗe ƙofar direba akwai takarda manne a jikin ginshiƙin da ta faɗi awon, ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a hura ba. In kuma ana lallashinka ka sayi taya 'yar Beljiyam don zanenta da saura, ka nemi lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT, in ka ga 2315 to sati na 23 na shekarar 2015 aka yi ta, roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma kwaltar Afrilu ba ta raga wa tsohuwar roba.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya ɗauka cewa nake manya ba su san mota ba. Wallahi sun sani. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, mutane irin su Kawu da waɗannan motocin suka rayu, suna kwance kafireto a gefen hanya su hure su mayar su ci gaba da tafiya. Iliminsu na gaske ne, sai dai na injin da ba shi da kwamfuta ne. Inda mota ba ta canza ba har gobe sun fi mu. Wata rana Kawu ya shiga motar nan tawa, ko kilomita biyu ba mu yi ba ya ce boris ɗin ƙafar baya ta dama ya fara kuka, ni ban ji komai ba sai da ya ce in ɗan karkata sitiyari hagu in saurara, sai ga gurnanin ya ƙaru, aka ɗaga mota aka juya tayar, haka ne kuwa. Ƙarar ƙafa, shokozoba, bushin, kuloci, gane kayan jabu da na asali in an shiga kasuwar kayan gyara ta Kofar Ruwa ko Panteka, sanin halin hanya da daddare, duk wannan ka buɗe kunne ka sha. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne, amma abin da ke ɗiga a ƙarƙashin motarka da asuba kai kaɗai ka tsuguna ka gani. Don haka ka raba shawarar gida biyu, in ta shafi ƙarfe da ƙara ka ba ta nauyi, in ta shafi waya da sensa da irin man da za a zuba ka koma ga abin da kamfani ya rubuta, littafin motar yana nan a intanet kyauta in ka sa sunanta da shekararta.

Saura mai wuyar, yadda za ka ƙi ba tare da ka taɓa zumunci ba, don a gidajenmu ba a ce wa babba "ba haka ba ne" a wuce lafiya. Kar ka yi musu a gaban mutane, ko a majalisa ko a gurup ɗin gida na WhatsApp, in ya faɗa ka ce to Kawu na gode, Allah ya ƙara girma. Daga baya ka same shi shi kaɗai, da ƙafarka ba ta waya ba, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka kawo abin da ka gani a matsayin tambaya. "Kawu, akwai abin da ban faɗa muku ba rannan, ruwan nan yana raguwa duk kwana uku, ga ma hoton abin da na gani a gefen injin, ko kuna ganin a fara duba yoyon kafin a taɓa tamostat ɗin?" Ka ga ba ka ƙaryata shi ba, ƙarin bayani ka kawo masa, kuma ka bar masa ƙofar da zai canza magana da girmansa. Na tabbata da na yi haka a wancan lokacin da Kawu da kansa zai ce a duba famfo, don direban da ya yi shekara 20 a hanya ya san ma'anar ruwa yana raguwa.

In ya dage, ka jingina abin ga na'ura ko ga littafi kar ka jingina ga kanka, "an sa mata kwamfuta ga abin da ta nuna", ko "na ga kamfanin sun rubuta a murfin". Ya fi sauƙin haɗiya a kan "ni ina ganin". Ko ka roƙe shi ya raka ka wurin gwajin, manya suna son a tafi da su, kuma in ya gani da idonsa shi zai fara ba wasu labari. In kuma duk bai yiwu ba, ka yi shiru ka je ka yi abin da ya dace da motarka, daga baya ka kai masa ita ya ji ƙarar injin ka ce a sa albarka. Ba dole sai an ci wani a magana ba. Kuma ko ta tabbata kai ne da gaskiya kar ka taɓa dawo da zancen.

Inda abin ya fi tsauri shi ne in bakaniken na gida ne, ɗan Baffa ne ko surukin Yaya ko yaron da Kawu ya ɗauki shekaru yana kai wa aiki. A nan ka raba aikin, ka ci gaba da kai masa abin da ya iya, juyen mai, birki, ƙafa, abin da ya shafi waya da kwamfuta ka kai wa mai shi, in an tambaya ka ce aikin riwaya ne. In kuwa shi babban ne ya saya maka motar ko shi zai biya kuɗin gyaran, to yana da haƙƙin a saurare shi fiye da kowa, ka yi masa bayani sosai, in da hali ka ce kai za ka biya kuɗin gwajin, don gwaji ne mafi araha a duk harkar. 'Yan uwa mata masu tuƙi su suka fi shan wannan matsin, kowa gani yake ba su san komai ba, ƙanwata ta yi wata guda tana cewa birkinta ya canza ana ce mata tsoro ne, da aka kwance an samu fad ya cinye har ƙarfe ya fara cin faranti. Ke ma ki yi kwalin nan, ki naɗi ƙarar, ki rubuta, ki riƙe maganarki.

Ranar da za ka kai ta gareji ka je da safe, kar ka je kana sauri, kuma kar ka buɗe baki da "an ce tamostat ne" ko "ina jin famfo ne", don da yawa abin da ka faɗa shi za a canza maka. Ka faɗi abin da ka gani kawai ka bar shi ya nemo. In ya faɗi ciwon ka ce nuna min, in yoyo ne a nuna maka inda yake jiƙewa, in tamostat ake zargi a ciro shi a jefa a ruwan zafi a gabanka, mai lafiya za ka ga ya buɗe baki kafin ruwan ya tafasa, in an ce gasket ne a duba ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaƙi yana fita ta salansa bayan inji ya ɗau zafi, ko ruwan lagireto yana kumfa. Aiki babba irin sauke inji ko giya kar ka yarda a rana ɗaya, ka kai ta wuri na biyu da bai san na farko ba kuma kar ka faɗa masa abin da aka ce. A canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, in an canza huɗu a tare ba za ka taɓa sanin wanne ne ba. Tsohon kayan da aka cire a sa maka a but. Kafin ka biya ku zaga tare da shi a irin yanayin da take yin ciwon, in a gosulo take zafi to ku shiga gosulon da esi a kunne. In ka koma gida ka sake shimfiɗa sabon kwali a daren, ka ja layi da biro a jikin robar ruwan daidai inda ruwan ya tsaya inji yana da sanyi, bayan kwana uku da safe kafin ka tashe ta ka duba ko yana kan layin.